Takabar Zubaida Mai Masa

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Ɗan Iya da ke Bauchi ya san masar Zubaida, ko da bai san fuskarta ba. Da an fito sallar asuba ƙanshin man gyaɗa zai fara bin layin, kafin hantsi ƙofar gidan ta cika da masu Keke Napep, da ma'aikatan da ke saurin kama ofis, da kwanukan da aka aiko daga maƙwabta. Ita kuwa tana cikin zaure a kan 'yar kujera, tanda a gabanta, tana zuba ƙullu tana juyawa, ba ta cika ɗaga kai ba. Mace ce gajeriya, marar yawan magana, mai tabon ƙuna a bayan hannun dama tun na yarinta.

Mahaifinta ƙaramin ma'aikaci ne a gidan ruwa. Mahaifiyarta ta rasu tun Zubaida ba ta yi wayo ba, saboda haka a hannun goggonta ta tashi, a nan ta koyi sana'ar: yadda ake jiƙa shinkafa, yadda ake dafa kaɗan a haɗa da ɗanyar kafin a kai niƙa, yadda ake gane ƙullu ya tashi daga ƙanshinsa kawai. A nan kuma ta haɗu da Mansir, ɗan kasuwar Muda Lawal da goggon ke sayen shinkafa a wurinsa. Shi da kansa yake kawowa, ya sauke buhu ya tsaya surutu har sai goggo ta kore shi. Ranar da aka tambayi Zubaida ko tana sonsa, mayafi ta ja ta rufe fuska, aka ce ta amsa.

Sun haifi uku. Maza biyu sun koma tun suna jarirai, Ni'ima kaɗai ta rayu, ta girma har ta shiga kwalejin koyon malanta. Mansir bai taɓa nuna wa matarsa cewa rashin ɗa namiji ya dame shi ba. Yana da rumfarsa ta hatsi a kasuwa, mutum ne mai barkwanci, wanda idan ya shigo gida sai an san ya shigo. Da ciwon suga ya kama shi likita ya hana shi masa, amma yakan lallaɓo zaure ya ɗauki biyu, ya ce dubawa yake ko gishiri ya ji.

Haka suke har shekarar da korona ta zo. Da zafin bazara aka fara jin sunanta a rediyo, sannan aka ce ta shigo Bauchi. Mansir dariya ya yi.

“Ciwon masu hawa jirgin sama ne,” in ji shi. “Ni da iyakata Soro da Alkaleri, a ina zai gan ni?”

Kullum yakan dawo daga kasuwa da sabon labari a waya. Yau wata murya ta ce ranar Arewa tana kashe cutar. Gobe wata ta ce babu cutar ma sam, ƙirƙira aka yi don a karɓo kuɗi daga waje. Jibi wata ta rantse cewa duk wanda aka kai wurin killacewa allura ake yi masa ya mutu, a ƙara yawan lissafi. Ba wanda ya san masu maganar, amma da Hausa suke yi, suna sako sunan Allah, suna kuka a wasu wuraren. Mutane kuma suna da dalilinsu na saurara. An ce su zauna a gida alhali tukunya babu komai. An ce tallafin abinci na zuwa, su a layinsu ko gwangwani ɗaya ba su gani ba. An hana jam'i a masallatai, abin da ko kakanninsu ba su ba da labarinsa ba.

Zubaida ba ta gaskata ba, ba ta ƙaryata ba. Ni'ima ce ta matsa aka ajiye bokitin ruwa da sabulu a ƙofar zaure. Masu sayen masa suka riƙa tsokana, wasu su wanke hannu don a zauna lafiya, wasu su wuce.

Cikin azumi zazzaɓi ya kwantar da Mansir. Aka ɗauka maleriya ce. Maƙwabciyarsu Adaora, mai kemis a bakin layi, wadda ta fi shekara ashirin a unguwar, ta ba shi magani. Zazzaɓin ya sauka ya dawo, tari ya biyo baya, busasshe, marar ƙarewa. Da Zubaida ta koma kemis ɗin, Adaora ta ƙi ba ta komai. Ta ja ta gefe, ta yi magana da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

“Maman Ni'ima, wannan ba maleriya ba ne. Mutum mai suga, yana tari haka, ka kai shi asibiti yau. Kar ka jira gobe.”

Amma akwai Ashiru, yayan Mansir, wanda tun rasuwar mahaifinsu shi ne babba a dangi. Ashiru ba mugu ba ne. Shekarun baya matarsa ta farko ta rasu tana naƙuda a kan bencin wani asibiti, ana jiran likitan da bai zo ba, tun daga ranar ya daina yarda da duk wani mai farar riga. Da ya zo dubiya ya ji maganar asibiti, sai ya miƙe tsaye.

“Ba inda za a kai shi. Yanzu ko ciwon kai ka shiga da shi korona za su rubuta. Ɗan'uwana ba zai shiga da ƙafarsa a fito mini da shi a leda ba.”

“Yaya, numfashinsa fa,” in ji Zubaida.

“Mura ce ta sauka a ƙirji. A yi masa sirace.”

Aka yi. Ta tafasa ganyen darbejiya da na mangwaro ta lulluɓe shi da bargo. Ta dafa citta da kanumfari da tafarnuwa, ta matsa lemon tsami. Ashiru ya kawo rubutu da habbatus-sauda da zuma. Kwanaki suka wuce a haka, Mansir yana ramewa, barkwancin ya ƙare. Wata rana da la'asar ya zauna zai yi salla daga zaune, Zubaida ta ji ya kasa kai Fatiha ƙarshe, yana tsayawa bayan kowace kalma kamar wanda ya yi gudu. Ta dubi leɓensa ta ga ya yi duhu. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta ce wa Ni'ima ta tsayar da Keke.

“Yaya zai yi faɗa,” in ji Mansir da ƙyar.

“Ya yi. Ni zan ji da shi.”

A asibiti aka ɗora shi a kujera mai taya, wasu mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa suka karɓe shi. Aka ce ita iyakarta nan. Kafin a shige da shi ya waiwayo, ya ɗaga hannu.

“Na manta cazar wayata. Ki ba wa Ni'ima ta kawo.”

Maganar ƙarshe ke nan da suka yi ido da ido. Sun yi waya bayan haka, shi yana magana ta cikin abin numfashi, ita tana cewa “Na'am?” don ba ta ji sosai. Ana saura 'yan kwanaki salla, da hantsi, wayarta ta yi ƙara. Muryar wani likita ce, ya tambaya ko ita ce matar Mansir, sannan ya ce ta yi haƙuri.

Ba a kawo shi gida ba. Ma'aikatan lafiya ne suka yi masa sutura, aka sallace shi daga nesa, Ashiru da wasu 'yan tsirarun maza suka tsaya inda aka ce su tsaya har aka rufe kabari. Duk macen da mijinta ya rasu a unguwar, akan kira ta ta durƙusa a gabansa ta yi masa addu'a, ta yafe masa, ta nemi yafiyarsa kafin a fita da shi. Zubaida ba ta samu wannan ba. A tsakar gida aka gaya mata an riga an binne.

Washegari mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka yi feshi tun daga zaure har bayan gida, aka ɗauki gwajinta da na Ni'ima. Mutanen layi suka fito suka yi cirko-cirko daga nesa, wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Da sakamako ya fito, Ni'ima ba ta da komai, Zubaida tana ɗauke da cutar. Motar ta dawo ta tafi da ita. Haka ta fara takabarta, ba a ɗakin mijinta ba, a kan gadon ƙarfe tsakanin matan da ba ta sani ba.

Jikinta bai yi tsanani ba. Ɗan zazzaɓi ne da kasala, sai wani abu da ya fi ba ta tsoro: ta wayi gari ba ta jin ƙanshin komai. Ta shinshina sabulu, ta shinshina lemo, babu. Abinci a bakinta kamar tana tauna auduga. Ranar salla tana kwance tana jiyo kabbara daga wani wuri can nesa, ta juya fuska bango.

Akwai wata nas mai suna Liatu, Kirista 'yar garin Tafawa Ɓalewa, wadda Zubaida ba ta taɓa ganin komai nata ba sai idanu ta bayan gilashi. Wata safiya tana gwada mata zafin jiki sai ta tsaya.

“Mama, ke ce matar Baba Mansir mai hatsi?”

Zubaida ta ɗaga kai da sauri. “Kin san shi?”

“Ni nake kula da ɓangarensu lokacin. Ya ce mini idan ya fita zai aiko mini da masar da babu irinta a Bauchi. Ina wurin sa'ad da ya cika. Da na ga jikin ya canja, na ruga na kira wani abokin aikina Musulmi, don na san akwai kalmar da kuke so mutum ya faɗa. Ya zo ya riƙa faɗa masa a kunne. Baba ya maimaita, Mama. Ni da kunnena na ji. Hannunsa yana cikin nawa.”

Tun ranar rasuwar idon Zubaida a bushe yake. A nan ne ta yi kuka, irin wanda ya sa matan sauran gadajen suka tashi zaune. Liatu ta tsaya a kanta, ba damar runguma, sai ta dafa kafaɗarta da hannu mai safar roba har ta yi shiru.

Da aka sallame ta ta dawo gida, sai ta tarar labari ya riga ta. Hoton bidiyon da aka ɗauka ranar feshi ya zaga gari, wani ya ɗora murya a kai yana cewa ga matar da ta sayar da gawar mijinta, an biya ta don ta yarda a rubuta korona, yanzu ma an kai ta wani masauki ne tana cin kaji. Ni'ima ta gani a wayar ƙawarta. Duk kwanakin nan ita kaɗai ce a gidan, Adaora ce ke ajiye mata abinci a bakin zaure ta ƙwanƙwasa ta koma baya, ta tsaya daga can suna hira.

Babu zaman makoki. Babu tabarmar da aka shimfiɗa, babu matan da suka cika tsakar gida, ba a yi sadakar uku ba balle ta bakwai. 'Yan kaɗan sun kira a waya. Abin da ya fi ɗaure wa Zubaida kai shi ne, waɗanda ke rantsuwa babu cutar su ne kuma ke tsallaka titi idan sun zo daidai ƙofarta.

Ashiru ya zo sau ɗaya. Ya tsaya a waje, ya yi sallama, ta fito zaure cikin hijabinta.

“Na ce kar a kai shi, kika kai shi,” ya ce. “Yanzu ga abin da gari ke faɗa. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, me suka ba ki?”

Ta koma ciki ta fito da wata baƙar leda, ta buɗe a gabansa. Wayar Mansir ce, da silifas ɗinsa, da carbi.

“Abin da suka ba ni ke nan, Yaya.”

Ya dubi silifas ɗin, ya kawar da kai.

“Kuma idan babu ciwon,” ta ce a hankali, “me ya hana ka shigowa gidan ƙaninka?”

Ya share ido da hannun riga ya tafi. Ta daɗe a tsaye a wurin. Ba ta taɓa yi masa magana haka ba, kuma ba ta ji daɗin da ta yi ba, don ta ga shi ma zafin rashin ne ke cinsa. Abin da bai sani ba, ita ma tana da tata tambayar da ke hana ta sukuni, sai dai kishiyar tasa ce: da ta kai shi tun ranar da Adaora ta faɗa, da yaya? Takan yi istigfari ta ce wa'adi ne, tambayar ta tafi, ta sake dawowa.

Damina ta sauka tana cikin takaba, ta kusa ɗaukewa kafin ta fita. Hatsin da ya rage a rumfar Mansir suka ci, aka mayar da rumfar ga mai ita. Da ta gama idda ta wanke tanda ta jiƙa shinkafa. Har lokacin hancinta bai dawo ba, sai ta kira Ni'ima ta shinshina ƙullun ta gaya mata ko ya tashi. Ranar farko ta soya ta zauna har hantsi, ba wanda ya zo sai Adaora, wadda ta sayi fiye da abin da gidanta zai iya ci, ta ɗauka a buɗe ta bi tsakiyar layi tana ci kowa na gani. A bakin wasu, sunan abin ya koma masar korona. Zubaida ta rage yawan ƙullu, amma ba ta fasa hura wuta ba ko rana ɗaya. Masu Keke ne suka fara dawowa, su da yunwar safe ba ta barinsu dogon tunani. Ma'aikata suka biyo. Kwanukan maƙwabta ne suka zo a ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kowa ya ce komai ba. Ƙanshi ma haka ya dawo mata, da kaɗan-kaɗan, farko hayaƙi, sannan albasa.

Shekara ta zagayo aka kawo rigakafi. Sabbin muryoyi suka cika wayoyi: yana hana haihuwa, duk wanda aka yi wa ba zai wuce shekara biyu ba, ƙarfe yana mannewa a inda aka soka allurar. Zubaida ta sa hijabi ta tafi asibitin unguwa, ta miƙa hannu. Da yamma wasu mata biyu suka shigo, suna ta kewaye-kewaye, can ɗaya ta fito da cokali daga cikin mayafi. Zubaida ta gane. Ta naɗe hannun riga. Aka ɗora cokalin, ya faɗi ƙasa. Aka sake, ya sake faɗuwa.

“Wataƙila sai ya kwana biyu,” in ji ɗayar.

“To ku dawo jibi,” in ji Zubaida.

Ba su dawo ba, kuma ba ta ji an ce sun je an yi musu ba. Ita dai ba ta bi gida-gida tana wa'azi ba. Wanda ya tambaye ta takan gaya masa abin da ta gani da abin da jikinta ya ji, ta tsaya nan. Wasu su yarda, wasu su ce ai dole ta faɗi haka.

Bayan 'yan shekaru, cutar ta zama labari, Ni'ima ta gama karatu ta samu miji, wani malamin sakandare mai suna Musaddiq. Aure ba ya ɗauruwa sai da waliyyi, waliyyin kuwa Ashiru ne. Zubaida ta shirya ta je gidansa da kanta. Ya tsufa ƙwarai, gemun ya yi fari. Suka gaisa, ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya ce yarinyar 'yarsa ce, ba sai an roƙe shi ba, gado da katifa ma shi zai yi. Har ta miƙe za ta tafi ya ce:

“Zubaida, ni fa har gobe ban yarda ciwon nan ne ya kashe shi ba.”

“Ban zo don ka yarda ba, Yaya.”

“Amma maganar an ba ki wani abu, wannan na san ƙarya ce. Tun ranar na sani.”

Ta ce Allah ya jiƙan Mansir, ya ce amin, ta fito.

Ranar biki gidan ya cika har zaure. Matan layi duka sun zo, sun yi girki, sun yi guɗa, da la'asar aka ɗauki amarya zuwa unguwar Gwallameji inda ango ya kama gida. Zubaida ba ta bi su ba, uwa ba ta rakiya. Tana zaune a ɗaki, tsakar gida duk kwanuka da tabarmi, sai ga Inna Dije ta dogaro sanda ta shigo. Tsohuwa ce da katangarsu ɗaya, wadda aka yi zaman shekaru da ita lafiya. Ta zauna a bakin gado tana haki, ta kama hannun Zubaida.

“'Yar nan, ban zo miki barka ba tukuna. Akwai gaisuwar da ban yi ba. Tsoro ne ya hana ni lokacin, daga baya kuma kunya.” Ta gyara zama. “Ya haƙuri? Ya haƙurin Mansir?”

Wasu mata da ke tattara kwanuka a ƙofar ɗaki suka ji, suka ajiye abin da ke hannunsu. Ɗaya ta cire takalmi ta shigo ta durƙusa, wata ta biyo ta.

“Haƙuri sai Ma'aiki,” in ji Zubaida da ƙyar.

Inna Dije ta ɗaga hannuwa ta fara addu'a, sauran suna amsawa da amin, har aka kira magariba.